Me Za a Koya wa Ɗaliban Gine-gine Game da Bala'i Kafin Su Karɓi Takardar Shaida?

Injiniya, Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana. Wani abokin aikina da ke koyarwa a jami'a ya nemi ra'ayina a kan gyaran manhajar ɗaliban injiniyan gine-gine da na zanen gini, kuma na ga bai kamata in ba shi amsa ni kaɗai ba, alhali a wannan zaure muna da malamai da magina da 'yan kasuwa da kuma 'ya'yanmu da ke cikin karatun yanzu haka. Tambayarsa ita ce yadda za a koya wa waɗannan ɗalibai shirin tunkarar bala'i, wato ambaliya da gobara da girgizar ƙasa da ruftawar gini.

Dukanmu muna tuna daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ruwan sama ya cika kogin Odaw ya mamaye shataletalen Kwame Nkrumah Circle a Accra, babban birnin ƙasarmu Ghana, jama'a suka fake a gidan mai na GOIL, fetur ya malalo ya bi kan ruwa, wuta ta kama, aka rasa rayuka sama da 150. Kafin wannan, ranar 7 ga Nuwamba, 2012, benen da kantin Melcom yake ciki a Achimota ya rufta da safe, mutum 14 suka rasu. Ruwa na Allah ne, amma faɗin magudana da tsayin daɓen gida da ƙarfin ginshiƙi hannun ɗan Adam ne yake tsara su, kuma a aji ake fara koyon tsara su. Ra'ayina shi ne a ware darasi guda na wajibi a shekara ta uku, wanda babu ɗalibin da zai fita sai ya ci shi. Ina jiran shawararku.

Malami mai ritaya, Tafo:
Wa'alaikumus salam Injiniya. Allah ya saka maka da alheri da ka kawo wannan magana, sai dai ban goyi bayan darasi na daban ba. Na koyar shekaru masu yawa, kuma na san abin da ke faruwa da darasin da aka ware shi gefe: ɗalibi ya haddace shi cikin mako biyu, ya zauna jarrabawa, ya ci, ya bar shi a ɗakin jarrabawar. Ilimin da kake nema yana nan a cikin manhajar, amma a warwatse. Ana koyar da lissafin gudun ruwa a wani aji, ana koyar da halin ƙasa a wani, ana koyar da ɗaukar nauyin kankare da ƙarfe a wani, kuma babu ranar da ake tara wa yaro su wuri guda a ce masa: ga fili a bakin rafi, ga makarantar yara 400 da za ka gina a kansa, nuna mana abin da zai same su idan an yi ruwan sa'a shida a jere.

Gyaran da nake gani shi ne a sanya sharaɗin a cikin aikin zanen da kowane ɗalibi yake gabatarwa a gaban malamai. Duk kyan zane, idan bai nuna iyakar da ruwa yake kaiwa a filin ba, ko bai nuna hanyar da mutane za su bi su fita idan wuta ta tare babbar ƙofa ba, to a mayar masa da shi. Ɗalibi yana girmama abin da zai iya kayar da shi a babban aikinsa, kuma abin da ya yi da hannunsa sau da yawa shi ne yake binsa har wurin aiki.

Ɗaliba mai karatun zanen gini, Asawase:
Baba Malam, ina gaisuwa. Maganarku gaskiya ce game da haddar jarrabawa. Amma ina so iyayenmu su san cewa nauyin karatun ya riga ya yi yawa, kuma duk abin da aka ƙara sai an rage wani. Ina da tambaya guda da nake jin nauyin yi a aji. Ambaliya da gobara muna ganinsu da idonmu a Kumasi kowace shekara, amma girgizar ƙasa fa? Shin ya dace a kashe mata makonni a manhaja alhali mu nan ba mu san ta ba?

Mai zanen gini, Nima:
Ƙanwata, tambayarki tana kan hanya, kuma na ji daɗi da kika yi ta a fili. Da farko, wanda ya yi karatu a Kumasi ba lalle ne ya yi aiki a Kumasi ba. Jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi ce ta yaye mafi yawan manyan masu zanen gini da injiniyoyin ƙasar nan, kuma da yawansu a Accra suke aiki, inda ake gina dogayen benaye. Accra kuwa tana zaune ne kusa da tsagewar ƙasa guda biyu, ɗaya ta bi layin duwatsun Akwapim, ɗaya kuma ta bi gaɓar teku. A 1862 girgiza ta yi wa fadar Christiansborg da ke Osu mummunar ɓarna. Ranar 22 ga Yuni, 1939, wata mai ƙarfin kusan 6.5 ta kashe mutum 17, ta jikkata fiye da 130, a lokacin da Accra take ƙaramin gari mai gajerun gidaje. Mutanen Weija da Gbawe da McCarthy Hill a yankin Accra sun ji motsin ƙasa a Disambar 2018, an sake ji a 2020 da 2022. Yau miliyoyin mutane ne suke kwana a kan wannan ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne salon benen da ya zama ruwan dare a Nima da Madina da Kasoa, kuma na san haka yake a unguwar Aboabo ta Kumasi. Hawa na ƙasa shaguna ne, gabansu a buɗe, babu bango sai ƙofofin ƙarfe, sannan a sama an jibga ɗakunan haya masu katangu da yawa da tankin ruwa a kan rufi. Idan ƙasa ta girgiza, saman ginin yana tafiya a dunƙule saboda katangunsa sun riƙe shi, sai duk lanƙwasar ta tattaru a kan ginshiƙan ƙasa waɗanda babu abin da ya tokare su. Su ne suke fara karyewa, sai benen ya zauna a kan shagunan. Irin wannan ruftawa an gan ta da yawa a Turkiyya ranar 6 ga Fabrairu, 2023, a girgizar da ta ci rayuka sama da 50,000 a Turkiyya da Siriya, wadda a cikinta muka rasa ɗan ƙwallonmu Christian Atsu a birnin Antakya, a wani bene na zamani mai hawa 12. Ɗalibin da bai taɓa jin wannan bayani ba zai zana irin wannan bene da zuciya ɗaya, domin shi ne abin da mai gida yake so, kuma shi ne abin da ya tashi yana gani a unguwarsu.

Baba Magini, Sawaba:
Ni ban yi jami'a ba, amma tun ina saurayi nake kan gini, kuma ina so 'ya'yana masu karatu su ji abin da ke faruwa bayan an naɗe takardar zane an sa a aljihu. Zane yana cewa a sa zoben ƙarfe kusa da kusa a jikin rodin ginshiƙi, sai mai gida ya zo ya ƙirga kuɗin ƙarfe ya ce a buɗa tsakaninsu. Buhun siminti da ya kamata ya ba da bulo kamar 30, sai mai buga bulo ya matsa shi ya ba da 50, ka ɗauki bulon ka murza gefensa da yatsa yana zuba. Ranar zuba dakin, wato rufin kankaren bene, leburori suna ƙara ruwa a kwaɓin domin ya yi sauƙin ɗauka a kwano, kuma babu wanda ya gaya musu cewa ruwan nan ƙarfin kankaren yake ci.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mutanen zango kai tsaye. Masallatanmu da makarantun Islamiyya da taimakon jama'a ake gina su, sannu a hankali. Ana haƙa harsashin gini na hawa ɗaya domin kuɗin da ke hannu ke nan, a bar rodi tsaye a kan rufi yana shan ruwan sama yana tsatsa shekara biyar ko shida, sai wani bawan Allah ya ba da sadaka a ɗora hawa na biyu, bayan wasu shekaru a ɗora na uku. Babu wanda yake komawa ya tambayi harsashin ko zai ɗauka. Ranar Juma'a kuma a cika saman da mutane sahu bayan sahu. Idan za a koya wa yara wani abu, a koya musu yadda za su duba tsohon gini su gane ko zai iya ɗaukar ƙari, kuma a koya musu yadda za su gaya wa kwamitin masallaci gaskiya cikin ladabi ba tare da an ce sun hana aikin lada ba.

Injiniya, Aboabo:
Baba, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Zoben da ka ambata shi ne yake riƙe kankaren cikin ginshiƙi kada ya fashe ya watse idan gini ya karkata, shi ya sa ake matse tsakaninsu a sama da ƙasan ginshiƙi, kusa da mahaɗarsa da katakon kankaren da ke ɗauke da dakin. Bakin zoben ma akwai ƙa'idar lanƙwasa shi: a yankin da ake tsoron girgiza ana karya shi ya shige cikin kankare da kusurwar digiri 135, domin wanda aka lanƙwasa a digiri 90 yakan buɗe da zarar fatar kankaren waje ta ɓare. Wannan aiki ne na minti ɗaya a hannun mai lanƙwasa ƙarfe, kuma kusan ba ya ƙara kuɗi, amma ɗalibin da a littafi kawai ya gan shi ba zai lura da rashinsa a wurin gini ba. Haka batun shayar da kankare ruwa aƙalla kwana 7 bayan zubawa, da ɗibar samfurinsa a kai a matse bayan kwana 28 a ga ƙarfinsa.

Duk da haka, Malam, ina nan a kan bakata. Abin da aka ce na kowa ne yakan rasa mai shi. Idan aka watsa wannan ilimi a cikin darussa goma, kowane malami zai ɗauka ɗan uwansa ya koyar, kuma idan lokaci ya ƙure a zangon karatu shi ne abu na farko da za a tsallake.

Hajiya, 'yar kasuwa, Asawase:
Ina gaishe ku duka. Ni maganar wuta nake so kada ta ɓace a cikin maganar ƙarfe da siminti. Sabuwar kasuwar Kejetia a Kumasi, wadda aka gina da tsarin zamani, ta yi gobara a Maris na 2023. Kasuwar Kantamanto a Accra ta ƙone a farkon Janairun 2025, sannan a Maris na 2025 wuta ta cinye shaguna a Adum da ke Kumasi, wajen Blue Light. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon jarinsa yana ci da wuta ya san cewa minti goma na farko su ne komai, kuma a cikin minti goman nan motar 'yan kwana-kwana tana can bakin titi tana neman hanyar shiga, domin tebura da kwantena sun cike layin da aka bari dominta.

Ina roƙon a riƙa kawo ɗaliban nan kasuwa da tsakar rana, a kuma dawo da su da dare bayan an rufe. Su ga inda muke ajiye kaya a kan matakala saboda shago ya yi kaɗan, su ga wayoyin lantarki da aka jona a kan juna, su ga mai abinci da tukunyar gas kusa da mai atamfa. Sannan su je makarantun Islamiyya da ke saman bene, inda jikokinmu suke karatu a ɗaki mai matakala guda siririya, tagogi kuma duk an dasa musu ƙarfen hana ɓarawo wanda ba ya buɗuwa. Duk lokacin da na kai jikata irin wannan wuri sai gabana ya faɗi.

Mai zanen gini, Nima:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ƙa'idar a rubuce take: ginin taron jama'a yana buƙatar mafita biyu da suke nesa da juna, ƙofofinsa su buɗe zuwa waje, kuma a kare matakala daga hayaƙi, domin hayaƙi yakan kashe mutane kafin harshen wuta ya iso gare su. Amma kin nuna abin da ƙa'ida ba ta faɗa ba. Mai zane yana auna faɗin layi yana ɗauka zai zauna a buɗe, alhali duk wanda ya san kasuwa ya san za a baje kaya a cikinsa tun makon farko. Wanda ya zauna da 'yan kasuwa kafin ya ɗauki fensir zai ba su wurin ajiya da wurin baje kaya tun a zane, domin kada su ci hanyar tsira.

Matashin injiniya, Oforikrom:
Iyayena, ku gafarce ni, ina ganin muna ɗora wa jami'a laifin da ba nata ba. Muna da dokokin gini tun 1996, kuma a 2018 aka ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Ilimin yana nan, dokar tana nan. Gidaje nawa ne a unguwanninmu injiniya ya taɓa taka ƙafarsa a cikinsu? A 2010 girgiza mai ƙarfin 7.0 ta kashe mutane fiye da 100,000 a Haiti, bayan makonni kaɗan wata mai ƙarfin 8.8 ta auka wa Chile, waɗanda suka rasu ba su kai 600 ba. Babban abin da ya raba su shi ne a Chile ana bin ƙa'idar gini kuma ana tilasta ta. Ni na taɓa ƙin sa hannu a kan wani aiki saboda an rage ƙarfe, washegari aka nemo wani ya sa, ni kuma aka sallame ni. Wane darasi ne zai hana wannan?

Malami mai ritaya, Tafo:
Ɗana, abin da ka yi shi ne daidai, kuma Allah zai musanya maka da mafi alheri. Amma ka lura cewa wanda aka nemo ya sa hannun shi ma daga aji ya fito, haka jami'in da ke duba takardun izini a majalisar birni. Turkiyya tana da ƙa'idojin girgizar ƙasa masu kyau a rubuce, amma a 2018 gwamnati ta yi afuwa ga ɗimbin gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, masu su suka biya kuɗi aka yi musu rajista ba tare da an ƙarfafa ginin ba. Doka tana tsayuwa ne da mutanen da ke riƙe da ita.

Saboda haka a nan zan matso kusa da Injiniya. Idan za a ware wani abu daban, to ya zama nazarin gine-ginen da suka faɗi: a ba ɗalibai labarin ruftawa guda, su bi shi tun daga sayen fili har ranar da aka zaro gawarwaki, su gano a wane mataki ne mutum guda zai iya cewa a'a. A kuma koya musu yadda ake rubuta ƙin amincewa a takarda, da inda ake kai ƙara a ƙungiyar injiniyoyi, domin matashi ya san ba shi kaɗai ba ne ranar da aka matsa masa.

Injiniya, Aboabo:
Na karɓi wannan, Malam. Bari in dawo kan ruwa, domin shi ne yake shigo mana ɗaki kowace damina. Rafukan Aboabo da Subin da Wiwi da Sisa suna nan inda suke tun kafin a gina unguwannin da ke gefensu. Abin da ya canja shi ne ƙasar da take shanye ruwa a da yanzu an rufe ta da kwano da kwalta da daɓen siminti, har tsakar gida ba a bari, don haka ruwan da yake ɗaukar sa'o'i kafin ya gangara rafi yanzu cikin mintoci yake isa gaba ɗaya. Ɗalibi yana lissafa faɗin magudana yana ɗauka a share take, alhali rabinta yashi ne da leda. Ana kuma koya masa ya yi tsari domin ruwan da ake sa ran irinsa sau ɗaya a shekara 25, sai ya fahimce shi kamar idan an yi bana an huta, alhali ma'anarsa ita ce kowace shekara akwai yiwuwar kashi 4 cikin 100, kuma yana iya zuwa shekara biyu a jere.

Abin da zan rubuta wa abokin nawa shi ne a fitar da ɗalibai da ma'auni su bi gidajen bakin rafin Aboabo. Kowane bango yana ɗauke da zanen laka da ke nuna inda ruwa ya tsaya, kuma kowace tsohuwa ta san shekarar da ya kai taga. Za su ga ƙofofin da aka gina wa ɗan shingen bulo biyu ko uku wanda sai an ɗaga ƙafa ake shiga, su ga soket ɗin lantarki da aka mayar sama kusa da rufi. Su haɗa wannan taswira su kai wa jami'an NADMO, wato hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, da majalisar birni. A kuma tuna musu da ambaliyar garin Mepe a Oktoban 2023, bayan an saki ruwan madatsar Akosombo, inda makarantu suka zama mafakar dubban mutane. Wanda zai zana makaranta ya sani cewa wata rana iyalai za su kwana a cikinta, don haka tudun da za a ɗora ta da yawan banɗakunanta da ruwan shanta duk suna cikin lissafi.

Ɗaliba mai karatun zanen gini, Asawase:
Yaya, na gamsu da bayanin girgizar ƙasa, na gode. Kawu Injiniya, irin wannan fita ita ce muke so, kuma mu 'ya'yan zango muna iya yi wa abokan karatunmu tafinta. Sai dai akwai abin da nake tsoro. Mutanen bakin rafi idan suka ga baƙi da ma'auni da takarda, abin da zai fara zo musu shi ne za a shafa wa bangonsu jan fenti a rushe. Ba za su faɗi gaskiyar inda ruwa yake kaiwa ba, kuma ba zan ga laifinsu ba. Idan taswirar da muka yi ta zama dalilin korar wata tsohuwa daga ɗakinta ba tare da an ba ta wani ba, ta yaya zan sake bi ta wannan layin?

Baba Magini, Sawaba:
'Yata, wannan tsoro yana da tushe, kuma dole a warware shi kafin a fita. A fara zuwa wurin sarkin unguwa da liman da wakilin majalisa na yankin, a yi musu bayani, a kuma yi alkawari a rubuce cewa ba za a sa sunan kowa ko lambar gidansa a taswirar ba, sai tsayin ruwa da layin da yake bi. Idan liman ya sanar bayan sallar Juma'a, ƙofofi za su buɗe. Wannan zan iya shige muku gaba a Sawaba, Injiniya kuma ya yi a Aboabo.

Game da wurin gini, akwai bene mai hawa biyu da nake aiki a kansa, kuma mai shi ya yarda a kawo ɗalibai. Kada su zo ranar zuba dakin, domin ranar hayaniya ce kuma kankare zai rufe komai. Su zo kwana ɗaya kafin nan, lokacin da ƙarfe yake a shimfiɗe a kan katako ana iya ƙirga shi. Kowa ya zo da takalmi mai rufi da hular kwano da ma'auninsa, kada su wuce goma a lokaci guda saboda katakon, kuma su zo da kwafin zanen a hannu domin su gwada abin da aka rubuta da abin da muka ɗaura. Injiniya, ka gaya wa abokinka ya zaɓi ranar Asabar, ni kuma zan sanar da mai lanƙwasa ƙarfe ya kasance a wurin domin su yi masa tambayoyi.